Daga Jirgin Warra Zuwa Allon Waya: Yadda Ɗaliban Bakin Kainji Za Su Taɓa Fiziks Da Hannunsu

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja, ya nufi Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi. Da yawa daga cikin fasinjojin kasuwa za su ci. Jirgin bai isa ba. Ya tsage a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150 a cikinsa, kuma waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta ce lodi ne ya fi ƙarfin jirgin, rahotanni kuma sun ce ban da mutane har da buhunan yashi daga wurin haƙar zinare aka loda masa.

Ba wanda zai ce darasin makaranta ne zai hana haɗari a tafkin Kainji. Akwai tsofaffin jirage, akwai kututturan itatuwa da ke ƙarƙashin ruwa tun lokacin da aka cika tafkin, akwai ƙauyukan da ba su da hanya sai ta ruwa, akwai kuma direban da ke neman na abinci. Amma lissafin da ke nuna iya nauyin da jirgi zai ɗauka yana nan cikin littafin Fiziks na sakandare, kuma kowane ɗalibin kimiyya sai ya wuce ta kansa kafin WAEC. Abin mamakin shi ne, yaron da ya iya tuƙa kwale-kwale tun kafin ya iya rubuta sunansa yakan haddace ƙa'idar Arkimidis da Turanci, ya zuba ta a takardar jarabawa, bai taɓa haɗa ta da jirgin da ke gaban gidansu ba.

Me ya sa ake gudun Fiziks?

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a makarantar gwamnati ya san yadda darasin yake tafiya. Malam ya cika allo, ɗalibai su kwafa, a buga ƙararrawa. Ɗakin gwaje-gwaje, idan akwai shi, sau da yawa a kulle yake, sai jarabawa ta matso a buɗe a share ƙura, a nuna wa 'yan SS3 kayan da za su gani a firaktikal. Yaro ya shekara biyu yana zana amita a littafi kafin ya riƙe ta a hannu. Daga nan sai a ce masa Fiziks sai masu ƙwaƙwalwa, shi ma ya yarda.

Kuma abin ba ƙaramin hasara ba ne, domin JAMB ba ta barin mai son karatun likita ko injiniya ya tsallake Fiziks. Wanda ya tsane shi a SS1 ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofi tun yana ɗan shekara sha biyar.

An yi bincike a kan wannan matsala. A 1998 wani masanin Fiziks a Amurka mai suna Richard Hake ya tattara sakamakon azuzuwa 62 masu ɗalibai 6,542. An yi musu gwaji a farkon zango, aka sake yi a ƙarshe. A azuzuwan da malami ke bayani ɗalibai na saurare, sun cike kusan kashi 23 cikin 100 na abin da ba su sani ba da farko. A waɗanda ɗalibai ke taɓawa, suna gardama, suna gwadawa, adadin ya kai kusan kashi 48. A 2014 kuma Scott Freeman da abokan aikinsa suka haɗa bincike 225 daga jami'o'i, suka samu cewa kashi 33.8 na ɗaliban da ake karanta wa lacca zalla suna faɗuwa, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 21.8. Ba a Kebbi aka yi waɗannan bincike ba, kuma sirrin ba tsadar kayan aiki ba ne. Abin da ya bambanta azuzuwan shi ne ɗalibi ya fara faɗin abin da yake zaton zai faru, sannan ya gwada ya gani ko ya yi daidai.

Roba, baho da ledar fiya wata

Gwajin da ya fi dacewa da Warra ba ya buƙatar waya ma. Baho cike da ruwa, ƙaramar robar wanki da za ta zama jirgi, da ledojin fiya wata. Leda ɗaya rabin lita ce, wato nauyinta kusan rabin kilo, saboda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ga ma'aunin nauyi ke nan an samu a kan kuɗi kaɗan.

A cika bahon har baki, a ɗora robar, a jira ruwa ya gama zuba. Sai a sa leda ɗaya a cikin robar, a tari ruwan da ya malalo. Za a ga rabin lita ne. A ƙara wata, wani rabin lita ya sake fita. Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis gaba ɗayanta: abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Duk kilo ɗaya da aka ƙara wa jirgi, sai ya nutsa har ya ture ƙarin lita ɗaya.

Yanzu a kai lissafin bakin tafki. A ɗauki misalin jirgin da faɗin jikinsa a daidai layin ruwa ya kai murabba'in mita 40. Tan ɗaya na kaya zai ture ruwa mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. Idan aka raba wannan a kan murabba'in mita 40, jirgin zai sauka da santimita biyu da rabi. Kamar ba komai. To a ƙara mutum 100 masu kilo 60 kowanne, tan shida ke nan, santimita 15. A ɗora babura goma, kowanne ya haura kilo 100, a zuba buhuna. Jirgin da ya saura taƙi biyu ruwa ya kai bakinsa, yanzu saura taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, kuma igiyar ruwan da da safe za ta daki gefensa ta wuce, yanzu ciki za ta faɗa.

Kashi na biyu na gwajin ya fi ɗaukar hankali, domin a nan ne hasashen ɗalibai ke karyewa. A sa dutse a ƙasan robar, a ɗan tura gefenta, za ta dawo daidai. A kifa kofi a cikin robar, a ɗora dutsen nan a kansa, a sake turawa. Nauyi kusan ɗaya ne, amma robar za ta yi tangal-tangal, wataƙila ta kife. Wurin da nauyi ya taru ya hau sama. Haka yake faruwa idan aka jibga kaya a sama, ko fasinjoji suka miƙe tsaye lokaci ɗaya don tsoro. Daga ƙarshe a fasa leda biyu a zuba ruwansu cikin robar. Nauyin bai canja ba, amma yanzu ruwan yana gudu zuwa duk gefen da robar ta karkata, yana ƙara danna ta. Shi ya sa yaron da ke kwarfe ruwa a jirgi aikinsa bai fi na direba ƙanƙanta ba.

Turawa sun sha wannan wahalar kafin mu. A Ingila jiragen kaya sun yi ta nutsewa saboda lodi, har wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya matsa aka yi doka a 1876 cewa a zana layi a jikin jirgi wanda bai kamata ruwa ya wuce ba. Har gobe manyan jiragen teku suna ɗauke da wannan alama. Ɗalibai za su iya zana irin layin a jikin robarsu da maka, su yi gardama a kan inda ya dace ya tsaya. Fenti da buroshi kawai ake buƙata a yi wa jirgin gaske irinsa, in an samu wanda ya san lissafin da kuma hukumar da za ta tsaya a kai.

Rigar ruwa ma lissafi ɗaya ne. Mutane kan yi mamakin yadda 'yar riga mara nauyi za ta riƙe ƙato mai kilo 80. Amsar ita ce jikin mutum da ma kusan nauyinsa ɗaya da ruwan da yake turewa, saboda haka abin da ya rage kaɗan ne. Rigar da aka rubuta wa 100N tana ɗaga kusan kilo 10 ne kawai, mai 150N kusan kilo 15, kuma wannan ya isa ya riƙe kai a saman ruwa. Jarka mai lita 25 da aka toshe bakinta da kyau tana ɗaga fiye da kilo 20, sai dai tana kuɓucewa daga hannun wanda ya gaji, ita kuwa riga a ɗaure take a jiki.

Abin da ke ɓoye cikin wayar

Kowace wayar Android ko iPhone tana ɗauke da ƙananan na'urorin awo da ake kira sensa. Akwai akselaromita, ita ce ke juya allo idan aka kwantar da waya. Akwai makirfo. Yawanci akwai sensar haske da ke rage hasken allo da dare. Wasu wayoyin suna da magnetomita, wadda kamfas ke aiki da ita, da jairoskof da masu wasan PUBG suka sani, 'yan kaɗan masu tsada kuma suna da baromita mai auna matsin iska. Kamfanoni sun sa su ne don wasu ayyuka, amma lambobin da suke fitarwa na awo ne na gaske.

Manhajar da ta fi kowacce buɗe waɗannan lambobi ita ce phyphox. Sashen Fiziks na jami'ar RWTH Aachen a Jamus ne ya fitar da ita a 2016, ƙarƙashin Sebastian Staacks. Kyauta ce a Play Store da App Store, babu talla, kuma bayan an sauke ta ba ta cin data. Masu sha'awar rubuta manhaja za su so jin cewa lambar tushenta a buɗe take, sannan duk awon da aka yi ana iya fitar da shi a fayil ɗin CSV ko Excel a yi wasa da shi a Python. Akwai kuma Physics Toolbox Sensor Suite da Arduino Science Journal, suna yin aiki makamancin wannan.

Gwajin saurin sauti shi ne ya fi daɗi a fili, kuma makirfo kawai yake buƙata. A buɗe agogon da sauti ke tayarwa a wayoyi biyu, a ajiye su mita biyar tsakani. Ɗalibi ɗaya ya tafa hannu kusa da wayar farko, agogo biyun su tashi, amma na nesa ya makara kaɗan. Wani ya tafa kusa da ta biyu, su tsaya, wannan karon ta farko ce ta makara. Bambancin lokacin da wayoyin suka nuna shi ne lokacin da sauti ya ɗauka ya yi mita goma, wajen daƙiƙa 0.029. A raba 10 da wannan, a samu kusan mita 350 a daƙiƙa. Littafi zai ce 343, a zafin digiri 20. Sauti yana ƙara sauri da kusan mita 0.6 a kan kowane digiri, don haka a zafin Yauri na watan Afrilu amsar ɗalibai za ta haura ta littafi, kuma su ne da gaskiya. Ba kasafai ɗan SS2 ke samun damar gyara wa littafi ba.

Lilo kuwa, wanda WAEC ke yawan kawowa, igiya ce da dutse. Igiya mai mita ɗaya, a ƙirga zuwa da dawowa sau 20, agogon waya zai nuna kusan daƙiƙa 40. Kowane zagaye daƙiƙa biyu da ɗigo. Idan aka sa a lissafi, ƙarfin jan ƙasa zai fito wajen 9.78, wanda shi ne na yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya kamar Najeriya, ba 10 ɗin da ake taƙaitawa a allo ba. Kafin a saki igiyar, a tambayi aji: in aka sa dutse mai nauyi, lilon zai ƙara sauri? Yawanci za su ce eh. Ba ya ƙarawa. A rage igiyar zuwa santimita 25, zagayen ya koma daƙiƙa ɗaya.

Ga wani gargaɗi da masu tallar manhaja ba sa yi. Ƙananan wayoyin itel da wasu na Tecno da Infinix masu araha ba su da jairoskof ko magnetomita, kuma gwajin lilo na cikin phyphox da jairoskof yake aiki. Manhajar tana dusashe duk gwajin da wayar ba za ta iya ba, saboda haka da an buɗe ta za a gane. Wanda wayarsa ke da magnetomita zai ga lamba tsakanin 30 da 35 na maikirotesla idan ya nisanci ƙarfe, wannan maganaɗisun duniya ne a wannan yanki. Ya matso da maganaɗisun tsohuwar sifika a hankali, ya ga lambar ta yi sama. Kada dai a manna shi a jikin wayar, yana rikita kamfas.

Akwai wani awo da sai mutanen bakin ruwa za su iya yi. A ajiye waya a kan bencin jirgi cikin leda mai zif, a bar akselaromita ko ma'aunin karkata ya yi rikodin yadda jirgin ke rangaji. Masu ƙera jirage sun daɗe da sanin cewa jirgin da ke karkata ya dawo da sauri ya fi tsayuwa da ƙafarsa, wanda kuma ke karkata a hankali ya yi jinkirin dawowa shi ne ya fi kusa da kifewa, ko da yake fasinja ya fi jin daɗinsa. Giraf na jirgi ɗaya, babu kaya da kuma bayan lodi, zai nuna wannan ƙarara. Sarkawa da direbobin jirage suna jin haka a ƙafafunsu tun da daɗewa; wayar lamba kawai take ba shi.

Kainji a cikin murfin kwalba

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Injina takwas aka kafa, masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Tafkin da ya taru a bayanta ya cinye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da yawa na ƙasar Yauri. Wato kakannin ɗaliban da ke zaune a azuzuwan Ngaski da Yauri da Shanga sun biya kuɗin wannan wuta da gonakinsu. Bai kamata jikokinsu su gama sakandare ba su san yadda take fitowa ba.

Abin da ke faruwa cikin madatsar shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831: in maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin wayar tagulla, wuta tana gudana. Ƙaramar mota ta tsohuwar DVD, irin wadda ke turo faifai, janareta ce idan aka juya ta da hannu. A manna murafen kwalba shida ko takwas a jikin wani faifai su zama farfela, a haɗa jan ƙwan LED mai buƙatar kusan bolt biyu, a zubo ruwa daga jarka. Idan ya juya da sauri ƙwan zai kawo. Idan bai kawo ba, a juya ƙafafunsa, domin LED hanya ɗaya yake karɓar wuta. Duk waɗannan kaya suna zube a shagon mai gyaran rediyo.

Sannan a yi lissafin da zai sa aji ya yi tsit. Jarka mai lita 25 da aka zubo daga tsayin mita biyu tana ba da kusan jul 490. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗauke da kusan jul 69,000. Wato sai an zubo jarka wajen 140 kafin a cika waya ɗaya, in ma babu asara ko kaɗan, alhali akwai. A madatsa kuwa, duk tan ɗaya na ruwa da ke faɗowa mita 30 a kowace daƙiƙa yana ba da kusan kilowat 290. Irin wannan lissafi ne ke bayyana abin da ke ba masu fawa bank haushi: mai 10,000mAh yana riƙe da kusan wat-awa 37, waya mai 5,000mAh tana shan 19, ga zafin da ke ɓata wani kaso a hanya, shi ya sa take cika sau ɗaya da rabi maimakon biyu.

Inda gizo ke saƙar

Makarantu da yawa sun hana ɗalibai shiga da waya, kuma suna da hujja, ko don satar amsa. Wannan bai kashe maganar ba. Wayar malami ɗaya ta isa. Phyphox tana da tsarin da ke tura giraf kai tsaye zuwa burauzar laftof ko wata waya ta hotspot, babu buƙatar data. Sauran gwaje-gwajen kuma aikin gida ne, mutum huɗu ko biyar a kan wayar yayan ɗayansu. Inda ake da kwamfuta, ana iya sauke gwaje-gwajen kwaikwayo na PhET, waɗanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta 2001, ya kafa a jami'ar Colorado a 2002, a yi amfani da su ba intanet. Suna da kyau, amma kallon robar da ta kife a allo ba ɗaya ba ne da ruwan da ya fantsamo wa mutum a riga.

Wata gaskiyar kuma, WAEC da NECO ba za su ba ɗalibi waya a firaktikal ba. Amita ta gaske za a ajiye masa, da gilashi da allurai da ma'auni. Roba da baho ba sa sauke wa gwamnati nauyin sayen kayan lab, kuma ba sai an je Turai ba, a Minna akwai cibiyar SEDI ta hukumar NASENI da aka kafa don ƙera kayan kimiyya na makarantu. Malamin da ke da aji mai ɗalibai tamanin da silabas a wuyansa shi ma ba za a ɗora masa laifi ba idan ya zaɓi allo. Gwaji ɗaya mai kyau yana cin darasi biyu.

Harshe ma yana cikin matsalar. Yaron da ke magana da Hausa a kasuwa, da Gunganci ko Kambarci a gida, ana jefa masa sabon tunani da sabuwar kalmar Turanci lokaci ɗaya. Idan ya ga robar ta sauka ya bayyana dalilin da Hausa, kalmar Turancin suna ce kawai da zai liƙa wa abin da ya riga ya gane.

A 2007 wani ɗalibin Fiziks na jami'ar Bayero a Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda Civic, ya ɗaga shi 'yan ƙafafu daga ƙasa, labarin ya zagaya duniya. Ba kowane ɗalibi ne zai kai nan ba, kuma ba a buƙata. A Warra abin da ya fi kusa shi ne tef ɗin tela, a auna tsawo da faɗin jirgi ɗaya a bakin ruwa da izinin mai shi, a lissafa santimita nawa yake sauka a kan kowane mutum goma, a rubuta a kwali da Hausa a kai masa ya duba ko ya yi daidai da abin da ya sani.